Muhawara: Me ya sa kuɗin gyaran gidajen tarihi ke zuwa bayan ruwa ya gama ɓarna?

Malamin Tarihi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Duk damina sai an ɗora mana hoton badala ta zube ko soro ya tsage, a yi kwana biyu ana zagin gwamnati, sai kuma a yi shiru har wata shekarar. Ina so yau mu bar zagi mu bi sawun kuɗin. Hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, NCMM, doka mai lamba 77 ta 1979 ce ta kafa ta. Tana riƙe da gidajen tarihi sama da 50 da wurare 65 da aka ayyana a matsayin kayan tarihin ƙasa. A nan Arewa akwai na Jos da aka buɗe a 1952, da Gidan Makama a Kano, da na Kaduna, da na Katsina da ke tsohuwar kwalejin horar da malamai. Ra'ayina shi ne, ko ɗan kuɗin da ake warewa ma ba ya zuwa a lokacin da aikin ke buƙata, ba ya kuma zuwa a siffar da aikin ke buƙata. Akantoci da lauyoyi da magina na cikinmu, a taimaka a warware mana.

Akanta:
Wa'alaikumus salam Malam. Ka ɗauko ta daga tushe. Kasafin kowace hukumar tarayya buhu uku ne: albashi, kuɗin gudanarwa, da manyan ayyuka. Albashi ba ya bi ta hannun shugaban gidan tarihi, daga Abuja yake faɗawa asusun ma'aikaci kai tsaye, kuma shi ne ke cinye kaso mafi tsoka. Kuɗin gudanarwa shi ne na wuta, man janareta, takarda, shara, da ɗan gyaran da ba a rasa ba. Hedikwata ce ke karɓa ta rarraba wa tashoshi, wato gidajen tarihin da ke ƙarƙashinta, kuma in ka raba ɗan abu gida hamsin ka san abin da zai iso Kano ko Maiduguri.

Buhu na uku ne ke da ɗan nauyi, kuma nan wahalar take. Kafin a taɓa kuɗin manyan ayyuka sai an sa hannu a kasafi, an tallata kwangila bisa dokar sayen kayan gwamnati ta 2007, an tantance, an bayar, sannan a jira sakin kuɗi daga ma'aikatar kuɗi. Ko a shekarun da aka sa hannu tun Janairu, wannan zagayen kan kai tsakiyar shekara ko ƙarshenta. Shi ya sa kuke jin majalisa tana ta tsawaita wa'adin manyan ayyuka zuwa shekara mai zuwa. Sannan tsarin ya fi son abin da za a yanka masa kyalle: sabon gini, katanga, fitilun sola. Yaɓen shekara-shekara bai kai girman da za a kira shi babban aiki ba, ya kuma fi ƙarfin kuɗin gudanarwa. Sai ya faɗa tsakanin buhu biyu.

Ɗan Magina:
Akanta, Allah ya saka da alheri, yanzu na gane inda gizo ke saƙa. Bari in faɗi abin da ginin ƙasa yake so, ku gwada da wannan kalandar taku.

Aikin ƙasa na rani ne. Da an gama girbi ake fara kwaɓa, a zuba ramno ko ciyawa, a tattake, a bar ta ta ruɓa kwanaki ana yayyafa ruwa. Tubali yana son kamar mako biyu a rana kafin a ɗora shi. Duk abin da za a yi a gama shi kafin ruwan farko, wato daga Disamba zuwa Afrilu. Wanda ya kawo kuɗi a Yuli ya kawo a banza, sabon yaɓe ba ya jure ruwan Agusta.

Abin da ake yi duk shekara kuma ba wani abin azo a gani ba ne. A hau soro a share ganye da kashin tsuntsu, a buɗe kowane indararo a tabbatar yana zubar da ruwa nesa da gindin bango, a toshe tsagar rufi, a sabunta yaɓen zanko da kan bango domin nan ruwa ke fara ci, a duba ƙarshen azara inda ta shiga bango ko gara ta kama. Indararo ɗaya da ya toshe ya isa ya kayar da ɗaki: ruwa ya kwanta a kan rufi, ƙasa ta sha ta yi nauyi, azarar da ta ruɓe ta karye. Duk bayan 'yan shekaru a sake makuba, wadda ake jiƙa ɓawon ɗorawa a yi ta. Rufi da wurin da ruwa ke bi laso ake yi musu: katsi daga marina, gashin jima daga majema, da dafara.

Abin da ya fi ruwa ɓarna shi ne siminti. Ɗan kwangila ya zo ya shafe bangon ƙasa da filasta ya buga fenti, a hoto kamar sabon gida. Danshin da ke tasowa daga ƙasa da can yana fita ta jikin bango, yanzu an rufe masa hanya. Bayan damina biyu ko uku ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa, za ka ji yana amo kamar ganga, domin ƙasar ciki ta rabu da simintin ta zama gari. Wata rana filastar ta ɓallo faifai guda ta ɗebo rabin bango.

Bazazzagi:
Maigida ka faɗi gaskiya. Mu Zazzau mun ga abin da tsohon gini ke yi in ya gaji. A Agustan 2023 wani sashe na babban masallacin Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufta kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu. Ni dai ra'ayina gajere ne: Abuja ta cire hannunta ta miƙa wa masarautu. Sarkin Magina yana fada, ba ya hedikwatar hukuma. Wanda ya gaji gini shi ya san ciwonsa.

Barista:
Amin. Amma Yallaɓai Bazazzagi, miƙawar ba ta da sauƙin da kake gani. Kundin tsarin mulki na 1999 ya raba abin gida biyu. Wurin da aka ayyana na ƙasa ne, da gidajen tarihin da ba jiha ce ta kafa su ba, suna hannun tarayya. Sauran kayan tarihi kuma jiha na da ikon yin doka a kansu. Shi ya sa a Kano kaɗai za ka ga Gidan Makama na tarayya, Gidan Ɗan Hausa kuma yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jiha. Arewa House a Kaduna ta Jami'ar Ahmadu Bello ce. Kowanne da aljihun da yake ci.

Masarauta kuwa ba ta da layi a kasafin tarayya. Abin da take samu daga jiha da ƙananan hukumomi yake fitowa, kuma mun ga yadda rikicin sarauta ke iya tsayar da komai a gari. In ka miƙa gini ba ka miƙa kuɗinsa ba, nauyi kawai ka sauya wa kafaɗa. An gwada wani abu mai kama da haka a kudu: a Maris 2023 gwamnatin Buhari ta fitar da sanarwa a hukumance cewa Oba na Benin ne mai kayan tagullar da ake dawowa da su daga Turai. Mallaka ta tabbata, amma tambayar wa zai biya ajiya da tsaro da inshora ba ta tafi ko'ina ba.

Ita kanta dokar 1979 ta tsufa. Tarar da ke cikinta da darajar nairar wancan zamani aka rubuta, yau ko kuɗin buhun siminti wasu ba su kai ba. Wanda ya yanki badala ya yi shago ya san lissafinsa. Amma a riƙe wannan: wurin da aka ayyana, ba mai ikon sauya masa ko da bulo ɗaya sai da rubutaccen izinin hukumar, ko da niyyarsa gyara ce.

Maman Ummi:
Ku yi haƙuri da tambayar ɗaliba. Kuɗin shiga da 'yan makaranta ke biya fa? Motoci-motoci ake kawo yara lokacin yawon buɗe ido. Ba zai isa share indararo ba?

Akanta:
Hajiya tambayarki ita ce ta kowa. Zai iya isa da a ce yana zama a gidan. Tun 2015 da aka tilasta asusun bai-ɗaya, duk kuɗin shigar hukumar tarayya Babban Banki yake tafiya ta manhajar biyan kuɗi ta Remita. Shugaban tasha ba shi da ikon zura hannu a kuɗin tikiti ya sayi ko da tsintsiya. In ya yi, oditoci za su rubuta shi, ko da rasit ɗinsa cikakke ne. Manufar toshe sata ce, kuma ta toshe wasu ramuka, sai dai ta kashe zuciyar nema: in ka jawo baƙi dubu ko goma, abin da za a turo maka ɗaya ne. Gyaran da ya kamata a nema a sabuwar doka shi ne a bar wa kowace tasha wani kaso sananne na abin da ta tara, a keɓe shi ga gyara kaɗai, a buga lissafinsa duk wata shida.

Kafin nan hanya ɗaya ce ta halal: kuɗin da ba na gwamnati ba, a hannun ƙungiyar da ba ta gwamnati ba. Barista, kai ne da wannan.

Barista:
To. Ƙungiyar masu kishin gidan tarihi, irin wadda za ta buɗe asusu ta karɓi tallafi, rajistar amintattu take yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ga yadda ake bi. A zauna taro a zaɓi amintattu, a rubuta bayanin taron, shugaba da sakatare su sa hannu. A nemi amincewar suna. A rubuta tsarin mulkin ƙungiya da manufofi a fili. A buga sanarwa a jaridun ƙasa guda biyu, a jira kwana 28 ko wani zai yi ƙorafi. Sannan a shigar da takardu da shaidar kowane amintacce. In satifiket ya fito, a nemi lambar haraji, a je SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, domin bankuna na neman takardarsu kafin su buɗe asusun ƙungiya.

Inda ake tuntuɓe wuri uku ne. Na farko, manufofi. Mutane kan kwafo na wata ƙungiya, tallafa wa marayu, raba abinci, sai mai ba da tallafi ya duba bai ga kalmar kayan tarihi ko ɗaya ba, ya ajiye takardar. Na biyu, cika kwamitin amintattu da manyan mutane don alfarma. Ranar da banki ya nemi sa hannu, ɗaya yana Umara, ɗaya ya rasu, kuma sauya amintacce sai an sake bin CAC da jarida. Mutum biyar masu ɗaukar waya sun fi sarakuna goma sha biyar. Manya a ba su iyayen ƙungiya. Na uku, rahoton shekara. Rajista ba ita ce ƙarshe ba, dole a riƙa shigar da rahoto da lissafin da odita ya duba. Wanda ya bari ya taru, sunansa zai fito a shafin CAC a matsayin ƙungiyar da ba ta aiki, kuma nan mai ba da tallafi ke fara leƙawa.

Haraji kuma, a daina cewa ƙungiyar sa-kai ba ruwanta da shi. Gudummawar da ta karɓa ce ba a taɓawa. In tana da ma'aikata sai ta cire harajin albashi ta kai wa hukumar harajin jiha. In ta ba da kwangila sai ta riƙe kason haraji ta miƙa. In ta buɗe shagon sayar da kayan tsaraba, ribar kasuwanci ce.

Hajiya Mai Tallafi:
Barista ya share hanya, bari in ɗora da ɓangaren masu bayarwa. Ƙofofin da aka sani: asusun jakadun Amurka na adana kayan al'adu da ke aiki tun 2001, wanda a shekarun baya yake ba da daga dala dubu 10 zuwa dubu 500, gidauniyar ALIPH da ke Janeba, wadda aka kafa a 2017 don wuraren da rikici ya shafa, gidauniyar Gerda Henkel ta Jamus, da shirin ɗakin karatun Birtaniya na ceto tsofaffin takardu, wanda ya dace da masu kundayen ajami da na Larabci. Shi wannan na ƙarshe sharaɗinsa asalin takarda ba ta barin ƙasar, hoto ake ɗauka, amma hoton zai hau intanet kowa ya gani. A gaya wa iyalan da suka gaji littattafan wannan tun ranar farko, kada a bari sai an gama aiki rigima ta tashi.

Kusan dukkansu aiki mai farko da ƙarshe suke biya, shekara ɗaya zuwa uku. Ba sa biyan albashin mai gadi har abada, na Amurka kuma ba ya gina sabo, ba ya gyara kayan da mutum ya mallaka don kansa. Wato za su iya tayar maka da soron da ya faɗi, amma share indararon Maigida Ɗan Magina na shekara ta huɗu naka ne. Kuma kowace takarda tana da gurbin tambaya: wa zai kula bayan mun tafi? A nan yawancin namu ke faɗuwa.

Sai lissafi. Wanda ya rubuta kasafinsa da naira a farkon 2023, dala tana wajen 460, ya ga abin da ya faru bayan an saki naira a watan Yuni, har ta haura 1,500 a 2024. A rubuta kasafi da kuɗin mai bayarwa, a buɗe asusun dala, a riƙa canzawa kaɗan-kaɗan gwargwadon aiki. Kuma kada a ɗauki kuɗin azara a biya alawus da niyyar za a mayar. Sauya layi sai da izini a rubuce, in ba haka ba sai a ce ku dawo da kuɗin.

Ɗan Damagaram:
Hajiya, a ƙara da cewa ƙofar waje tana rufuwa ba sallama. Mu a Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 Tarayyar Turai da Faransa sun dakatar da tallafi, ayyuka da yawa suka tsaya cak. Ku ma kun ga yadda Amurka ta tsayar da tallafin waje a farkon 2025. A Satumban 2024 tsohon masallacin Birni a Zinder, wato Damagaram, ya rushe da ruwan sama, yana cikin garin da ke jerin jiran shiga wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 2006. Shiga jeri ba ya kawo ko dala ɗaya da kansa. Ganuwar Kano ma tana wannan jerin tun 2007, ku duba halin da take ciki. Hasumiyar Agadas kuwa tana tsaye ɗaruruwan shekaru kafin UNESCO ta san da ita a 2013, saboda mutanen gari na sake mata yaɓe, itatuwan da suka fito a jikinta su ne matakalar magina.

Bazazzagi:
To ai kun dawo kan maganata ta bayan gida. In na waje ba tabbas, na Abuja ba ya zuwa kan lokaci, saura namu. Attajiranmu na fitar da zakka ta miliyoyi duk shekara. A karkato da wani abu nan mana.

Malam Na Zaure:
A'a Alhaji, a nan sai an yi hattara. Zakka tana da masu cinta guda takwas da aka jera a Suratut Tauba, aya ta 60, kuma mazhabarmu ta Malikiyya ba ta shigar da gine-gine ciki, ko masallaci ne balle gidan tarihi. Abin da ya dace da wannan aiki waƙafi ne. A tsayar da asali, a ciyar da amfaninsa. Misali mutum ya ba da shaguna huɗu a bakin kasuwa, ya shar'anta cewa hayarsu ta tafi yaɓe da gyaran rufin wuri kaza duk rani. Shagon ba a sayarwa, ba a gadonsa. Malamai sun ce daga hayar ake fara gyara shi kansa shagon kafin a fitar da saura, don kada asalin ya mutu. Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da waƙafi, ba baƙon abu ba ne. Sai dai mai bayarwa zai tambaya me ke cikin gidan. Ga kundayen malamai da tsofaffin masallatai ba za a sha wuya ba. Gidan da ke ajiye gumakan Nok kuwa, a nemi kamfanoni.

Barista:
Allah ya gafarta Malam, ƙarin bayani kaɗan. Waƙafin baki ba ya tsayawa gaban magada. A rubuta, a sa shaidu, a mayar da takardar filin da sunan amintattun da aka yi wa rajista, a nemi amincewar gwamna kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Kuma amintattu su san da sashe na 839 na dokar 2020, wanda ya buɗe hanyar dakatar da su a naɗa masu riƙo in an samu almundahana. Coci-coci da ƙungiyoyi sun yi ta hayaniya a kansa lokacin da aka sa hannu. Maganinsa littafin kuɗi mai tsabta.

Kamfanoni kuma, tsohuwar dokar harajin kamfanoni ta yarda a cire gudummawa daga ribar da za a yi wa haraji, har kashi 10 cikin ɗari, amma sai ga hukumomin da ke cikin jadawali na biyar na dokar. Ba kowace ƙungiya mai satifiket ce ke ciki ba. An sa hannu a sababbin dokokin haraji a Yunin 2025, don haka kafin ku yi wa kamfani alkawarin rangwame, akantansu ya duba sabon nassin.

Mai Adana Kaya:
Duk kun tsaya a bango, ba wanda ya shiga sito. Abu mafi arha kuma mafi muhimmanci shi ne rajistar kaya. Kowane abu ya samu lamba mai gida uku: shekarar shigowa, rukunin da ya zo ciki, da lambarsa, kamar 1984.6.3. A rubuta nau'insa, abin da aka yi shi da shi, awonsa, rubutu ko tabon da ke jikinsa, zamaninsa, a ɗauki hoto da ma'auni a gefe. A ajiye kwafi biyu, ɗaya a wajen ginin. In aka sace abin da ba shi da hoto da lamba, ko ka gan shi a kasuwar gwanjo a Faris ba ka da hujja. Kayan yumɓu na Nok da Sakkwato da Katsina da na Bura a Nijar suna cikin jan jerin ICOM, majalisar gidajen tarihi ta duniya, tun 2000 saboda yawan satarsu.

Sannan don Allah a daina roƙon na'urar sanyaya ɗaki. Fata da takarda da itace sauyin yanayi ke kashe su. Na'ura ta yi awa uku a ɗauke wuta, danshi ya hau ya sauka sau biyu a yini, fata ta tsattsage, tawada ta ɓare. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ba na'ura, ya fi wannan lafiya. Abin da za a saya: katako ko ƙarfen da zai ɗaga kaya taƙi guda daga ƙasa, akwatunan kwali marasa asid, ragar taga, ma'aunin danshi, da firiza. Rigar da asu ya kama a naɗe ta a leda a rufe ruf, ta yi mako guda a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, a fito da ita a bar ta kwana ɗaya kafin a buɗe ledar. Fesa maganin sauro a kan kaya ɓarna ce.

Ɗan Magina:
Ni har yanzu akwai abin da ke damuna. Ko an samu waƙafin, wa za a ba aikin? Kwangilar gwamnati tana neman rajistar kamfani, shaidar haraji, takardar fansho da sauransu. Maginin da ya iya ɗaurin guga, wato rufin soro mai baka, ba shi da ko ɗaya. Sai mai takarda ya karɓa, ya cire rabonsa, ya kira mai siminti domin ya fi sauri. In ƙungiyar ma haka za ta yi, gara a bar ginin da tsagarsa.

Akanta:
Maigida, amfanin ƙungiyar ke nan, dokar kwangilar gwamnati ba ta ɗaure kuɗinta ba. Tana iya ɗaukar magina kai tsaye, ta biya ta asusun banki ko da takardar biyan lada mai sa hannu ko dangwale, ta sayi azara da makuba da rasit. Odita zai karɓa. Abin da ake buƙata shi ne yarjejeniya a rubuce da hukumar da ke da ginin, kuma a sa waɗannan a ciki: ƙungiya aiki take kawowa, ba ta zuba kuɗi a asusun hukuma, don in ya shiga asusun bai-ɗaya fitowarsa sai an bi layi, jami'in hukuma ne ke duba aiki ya sa hannu kafin a biya, ba siminti a jikin ƙasa, a ɗauki hoton kowane bango kafin a taɓa da bayan an gama. A nemi izinin tun Satumba, domin wasiƙa kan daɗe tsakanin tasha da hedikwata, magina kuma su samu shiga a Disamba.

Barista:
A ƙara sharaɗi ɗaya, Akanta: wa ke da alhaki in magini ya faɗo daga soro. In ba a rubuta ba, kan amintattu zai dawo.